Fure, da Abin da Hannu Ya Bari

Kalmar fure gaɓa biyu ce kacal, kuma baki ba ya rufuwa a kanta. Tana fita da hucin numfashi, kamar na mai hura garwashi a hankali don kada toka ta tashi, ta ƙare leɓe a buɗe. Basakkwace ma hure yake cewa, sai kalmar ta koma 'yar ɗakin su hura da huci da huda, dangin iska da abin da ke ɓullowa daga ciki. Zumunci ne na kunne, irin wanda yake ji tsakanin fure da furfura, wadda ita ma fure ce da kai ke yi in daminarsa ta yi nisa.

Abin lura shi ne inda Bahaushe ke ajiye wannan kalma. A bakin manomi fure albishir ne. In aka ce wake ya yi fure, ba gayyatar kallo aka yi ba, an ce ne a fara lissafin buhu. Auduga ta yi fure, gyaɗa ta yi fure, mangwaro ya yi fure cikin hunturu har ƙudan zuma sun rufe shi. Ido na kan furen, zuciya na kan 'ya'yan. A madafa kuma fure cefane ne. Zoɓon da ake sha da azumi ƙoƙon furen yakuwa ne, furen zogale yana shiga kwaɗo, na gurjiya yana ba miya yauƙi. Kakanninmu mata kuwa, in suka ce fure kawai ba su ƙara komai ba, sau da yawa furen taba suke nufi, wanda ake goga wa haƙora a bi da goro har su yi ja, adon zamaninsu ke nan. Wato ko da fure ya shiga kwalliya, sai da aka murje shi tukuna. Sannan ga furen juji, sunan da ake ba kyakkyawar da ta fito daga mugun tushe, inda kyan ya zama abin gudu. Tsofaffin masu begen mace sun fi kwatanta ta da farin wata da zinariya da barewa. Waƙoƙin finafinai ne suka ɗauko fure suka mai da shi kirarin budurwa, suka kai 'yan wasa lambu suna zagaya shi. Kafin nan, fure a harshenmu manzo ne, ko abinci, ko gargaɗi.

Wanda ake ajiyewa don ido kaɗai, ba don ciki ko rumbu ba, sai da aka aro masa suna daga Turanci, aka ce fulawa. Aron ya zo da abin dariya, domin da sunan nan ɗaya muke kiran garin alkamar burodi da fanke, har yaron da aka aika sayen fulawa yana da hakkin ya tambaya, ta tukunya ko ta falo. Turawan ma a da kalma ɗaya gare su ga abubuwan biyu, don sun ɗauki lallausan gari a matsayin furen hatsi, daga baya ne suka raba su a rubutu. In kuwa akwai garin da fure da fulawa suka yi kiciɓis a ƙasar nan, Jos ne. Garin yana bisa tudu sama da mita 1,200, kuma cikin daren Disamba da Janairu ma'aunin sanyi yakan sauka ƙasa da digiri 10. Turawan da suka zo haƙar kuza a farkon ƙarni na 20, har suka jawo ƙaramin layin dogo daga Zariya a 1914, sun tarar ƙasar tana karɓar abin da ranar Kano da Sakkwato ke ƙonewa. Suka dasa wardi a gidajensu, da bishiyar jakaranda mai zubar da shuɗin fure a ƙasa, da bugenbiliya mai hawa katanga, biyun nan baƙi ne daga Kudancin Amurka, suka zauna kusa da shingen ƙerana da manoman Birom suka gada. Kuza ta ja baya ta bar kududdufai, furannin ba su tafi ba. Yau masu lambun fulawa suna jere a bakin tituna da dashe cikin baƙar leda, kuma ƙasar da ke tura dankalin Turawa da kabeji da karas ta kasuwar Farin Gada ita ce ke raya su.

To a ɗauka wani a garin nan, ɗan makaranta ko uwar gida ko tsohon ma'aikaci, wanda bai taɓa riƙe buroshi ba, ya yanko furanni biyar ya zuba a kwalba ko gwangwanin madara, ya ɗora bisa tebur kusa da taga, yana so ya zana. Irin wannan zane yana da suna a wasu harsuna, kuma sunayen sun saɓa. Na Turawan Ingila yana nufin rai a tsaye cik, Faransawa suka ce halitta matacciya, Larabawa suka ce halitta mai shiru. Na Larabawa ya fi kwanta mini, don furen da aka yanke bai mutu ba tukuna, kuma ba tsaye yake ba, sunkuyawa yake yi a hankali. Shiru kawai ya yi. Hausa ba ta raɗa wa wannan zane suna ba, amma tana da kalmar da ta fi suna amfani ga mai koyo, wato kama. In an karya murya ta wata hanya, kama kamanni ce, a ce wane ya yi kama da wane. In an karya ta ɗaya hanyar, kama aikin hannu ne, a kama kaza, a kama ɓarawo, a kama bakin zare. Abin da nake son kafawa shi ne, mai koyon zanen fure yakan ɓace wajen neman kama ta farko, alhali ta biyu ce aikin. Zane yana iya yin kama da fure ganye bayan ganye, bai kuwa kama shi ba. Wani kuma da shafa goma sha biyu ya cafke shi, ko da ba mai iya ƙirga ganyensa. Masu iya magana sun riga mu, da suka ce kama da wane ba ta wane.

Masu ganin cewa zanen ƙwarai shi ne wanda ya kwafe komai sukan kafa hujja da gwanayen Holand na ƙarni na 17 da na 18, waɗanda suka zana fure har da raɓa da ƙwaron da ke tafiya a kan ganye. Gwanarsu Rachel Ruysch, wadda ta rayu daga 1664 zuwa 1750, 'yar masanin tsirrai ce, ta tashi a gidan da ake adana ganyaye da ƙwari don nazari, ba a fi ta sanin ƙirar fure ba. Amma a duba damin furannin da ita da ire-irenta suke zanawa. Za a ga furen farkon shekara da na ƙarshenta a tulu ɗaya, abin da ba ya haɗuwa a lambu ko da an yi wa ƙasa magiya. Kowane an nazarce shi a lokacinsa, aka harhaɗa su a kan allo yadda ido zai so. Ashe ko zanen da ya fi kowane da'awar gaskiya, zaɓe ne da shiri. Ba ma sai an je Amsterdam ba. A gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, akwai kawunan yumɓu na Nok, waɗanda aka fara tonowa a ramukan kuza, masu shekara fiye da 2,000. Idon ɗan Nok kusurwa uku ne ko rabin da'ira, da huda a tsakiya. Babu ɗan Adam mai irin wannan ido, amma duk wanda ya tsaya gabansa ya san ana kallonsa. Maginin ya san gashin ido da jijiya da ƙyallin ruwa sarai, ya ɗauki abin da ke sa ido ya zama ido, ya bar saura.

Misalin da ya fi kusa da kunnen mutumin Jos shi ne Ɗan Maraya, Adamu Wayya, wanda aka haifa a Bukuru a 1946, ya rasu a 2015. Kuntiginsa tsirkiya ɗaya gare shi, ƙoƙonsa gwangwanin kifi ne da aka rufe da fata. Makaɗan fada suna fita da taushi da kotso da zugar 'yan amshi, shi kuwa daga shi sai wannan ɗan abu ya zana karen mota da ma'aurata da magulmata, har mai sauraro ya ce, ai na san mutumin nan, a unguwarmu yake. Ba a taɓa jin wanda ya ce waƙar ta gaza don tsirkiyar ba ta kai biyu ba. Ƙarancin kayan ne ma ya tilasta masa zaɓen kalma. Kuma ko a cikin gida, idonmu ya daɗe da sabawa da furen da aka rage. Jeren amarya, tun da kwalla da langa da fanteka suka ture ƙwarya daga bango, cike yake da jajayen furanni masu ganye biyu ko uku, waɗanda masana'anta ta fesa ta cikin hudar kwali. An fara kawo su daga Turai da Hong Kong kafin a koma ƙera su a nan gida. Mai zanen lalle tana fitar da fure a bayan hannun amarya da ɗigo ɗaya da lanƙwasa biyar, cikin abin da bai kai minti ba. Rigar matashin kai tana ɗauke da nata furen na zare, atamfa da nata, gingimarin katako mai ɗauko dankali daga Bokkos da Mangu ma da nasa, wanda wani mai fenti ya yi a tsaye, da buroshin da ya rubuta lambar mota. Duk waɗannan ba wanda ya tambaye su ko wane irin fure ne. An gane su, an so su. Saboda haka wanda ya ce sauƙaƙa fure sabon salo ne na Turawa bai ɗaga kai ya dubi bangon ɗakin kakarsa ba.

Yadda ake yin sa kuwa ba wani asiri ba ne, ko da yake sauƙin faɗa ya fi na yi. Hausa ta tara kalmomi a kan aikin ido: gani, kallo, dubawa, leƙe, hange, tsinkaye, ƙura ido. Mai koyo yakan fara da ƙura ido, ya kama ganye ɗaya yana bin bakinsa, kafin ya gama na uku ya gaji, takardar kuma ta cika da gefe guda na kwalba. Abin da ake so ya fara da shi hange ne, ko da abin yana gabansa. Ya sa haske ya shigo ta ɓangare ɗaya kawai, don kowane fure ya sami gefen rana da gefen inuwa. Ya ɗan runtse ido har furannin su daina zama furanni, su zama dunƙule-dunƙulen haske da duhu. Abin da ya rage a lokacin shi ne abin zanawa. Ya tambayi kansa siffar damin gaba ɗaya, ko laima ce, ko ƙwarya a kife, ko hannu a buɗe. Ya ɗauki buroshi mai faɗin babban yatsa, don ƙaramin buroshi yana jan mutum zuwa ƙirga, babba kuwa ba ya ba da dama. Ya shafa bango da tebur tukuna, sannan inuwar ganye, sannan dunƙulen furanni. Wardi a wannan mataki ba komai ba ne face duhu a tsakiya da haske a baki. Sararin da ke tsakanin kara da kara shi ma siffa ne, kuma sau da yawa wanda ya zana sararin daidai sai ya ga karan ya fito da kansa. Bayan kowace shafa biyar ko shida ya ja da baya taku uku ya duba, domin ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, in dai an ba shi tazara.

Sai doka mafi wuya, wadda kalmar zane da kanta take koyarwa. Zane layi ne, zane tufa ne, zane ne a kumatun wanda aka yi wa tsaga, yaron da ya yi laifi an zane shi, kuma abin da ba makawa a kansa mukan ce zanen ƙaddara. A mafi yawan waɗannan, alama ce da ake yi sau ɗaya ta zauna. Haka shafar buroshi take so. A ɗebo launi, a ajiye shi inda ya dace, a ɗauke hannu. Mai koyo yakan koma ya gyara, ya sake gyara gyaran, har ja da kore su haɗu su zama taɓo. Mafi yawan zanen masu koyo ya yi kyau minti goma kafin a gama shi.

Launi shi ma harshe ya riga ya yi mana rabin aiki. Ban da ja da baƙi da fari da kore da shuɗi da 'yan kaɗan, sauran launukanmu duk ruwa ne: ruwan ɗorawa, ruwan goro, ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan zuma, ruwan hoda, ruwan hanta, ruwan makuba. Al'ummar marina ce ta yi wannan magana, wadda ta san launi abu ne da ake jiƙawa a tsoma, daga baba a karofi zuwa karan dafin dukawa. Rawaya ma sunan tsiro ne kafin ya zama sunan launi, tsiron da ake samun rini a saiwarsa, wanda furensa ke fitowa dab da ƙasa bayan an ƙone daji, kamar an zubar da ƙwanduwa a kan toka. Amfanin wannan ga mai koyo shi ne, sunan yana tilasta masa kwatance. In ya ce furen ja ne bai faɗi komai ba. In ya tambayi kansa ko jan goro ne, ko na barkono, ko na zoɓo, ya fara gani ke nan. Ba ya kuma bukatar akwatin launi ashirin da huɗu. Ja da shuɗi da rawaya da fari sun isa, kamar tsirkiyar kuntigi. Shuɗi da rawaya su ba da kore, ɗan ja a cikin koren ya kashe masa ƙyalli ya mai da shi koren ganye na gaske, inuwar jan fure kuma da ɗan shuɗi ake yin ta, ba da baƙi ba, don baƙi yana kashe fure tun kafin ya bushe. Mai aiki da fentin ruwa daga haske yake farawa, ya bar farin takarda ya zama hasken. Mai aiki da akirilik daga duhu yake farawa, ya ajiye haske a ƙarshe. Cikin hunturun Jos kuwa, iska tana shanye fenti tun yana kan faranti, sai an riƙa yayyafa masa ruwa.

Akwai suka mai nauyi da ba zan kauce mata ba. Wani zai ce wannan duk lulluɓe kasawa ne da kyakkyawan suna: wanda bai iya ba sai ya ce ya sauƙaƙa, wanda hannunsa ke rawa sai ya ce motsin zuciya ne. Rabin maganar gaskiya ne. Ragi iri biyu ne, na wanda ya gani ya zaɓa, da na wanda bai duba ba sam. Kowane ɗan firamare a ƙasar nan ya iya wani fure na ka, da'ira a tsakiya, ganye biyar kewaye, kara a miƙe, ganye biyu kamar kunnen zomo. Wannan fure ba ya tsira a ko'ina. Harafi ne, kamar ba ko ta, an haddace shi ana maimaitawa. Furen langa ma, da na yabe shi ɗazu, wannan ce iyakarsa: kwali ɗaya ya haifi dubu, ba ɗaya a cikinsu da ya sunkuya don ƙishi. Maganin wannan kuwa ba ƙara ganye ba ne, ajiye furen gaske ne a gaba. Wanda yake duban kwalbar da ke kan teburinsa zai ga ɗaya ya juya masa baya, ɗaya ya ɓuya bayan ɗan'uwansa rabinsa kawai ake gani, ɗaya ya fara zubar da ganye a kan tebur. In ya zana waɗannan da shafa uku-uku, ya rage amma bai yi ƙarya ba. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, tana fitar da ƙadangare da kunama a jikin tulu da 'yan layuka, amma layukan na wadda ta san yadda ƙadangare ke lanƙwasa ne. Gwajin mai sauƙi ne: in zanen zai iya zama na kowane fure a kowane gari, haddar ka ce, in ba zai iya zama na kowa ba sai na waɗannan biyar a wannan safiya, to an kama. Game da rawar hannu kuwa, da koyo akan iya, kuma gara mutum ya yi zane ashirin na rabin sa'a da ya kwana bakwai a kan ɗaya.

Ga mai karatu Musulmi akwai wata tambaya da takan zo kafin duk waɗannan, ita ce ta halacci. Malamai sun yi dogon bayani a kan surar abu mai rai, kuma ba nan ne wurin warware shi ba. Amma a kan fure hanya a share take. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mai sana'ar sura ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas yana neman fatawa, ya gargaɗe shi a kan surar masu rai, ya nuna masa cewa in ba makawa sai ya yi, to ya yi itatuwa da abin da ba shi da ruhi. Ta wannan ƙofa ƙasashen Musulmi suka cika bangon masallatai da ganye da reshe, har maginan Iznik na Turkiyya a ƙarni na 16 suka mai da fure babban adon tayil ɗinsu, kuma furen nasu ragagge ne, ganye uku a tsaye kamar harshen wuta. Allon zayyana da almajirinmu ke ɗauka in ya sauke, da ja da kore da rawayarsa, ɗan gidan nan ne. Fure na daga cikin wuraren da ɗan Gangare da ɗan Tudun Wada a Jos, Musulmi da Kirista, za su iya zama a aji ɗaya su zana abu ɗaya, ba wanda zuciyarsa ta yi masa ɗar.

Saura mai cewa fure ba ya cika ciki, kuma garin Jos da ya ga rikicin 2001 da 2008 da 2010, wanda babbar kasuwarsa ta Taminus ta ƙone a 2002, yana da abin yi da ya fi zanen kwalba. Ba zan ce buroshi yana sulhu ba, ba ya yi. Amma batun ciki an gaggauta yanke shi. Mai lalle, da mai zanen allon shago, da mai ɗinkin surfani, da mai tsara adon atamfa, da mai ƙawata zauren biki, duk da ido ɗaya suke cin abinci, idon da ya san siffa da launi da inda za a tsaya, kuma kwalbar fure ita ce makarantar da ta fi kowace araha ga wannan ido. Ba ta neman kuɗin zama, ba ta gajiya, ba ta fushi in an karkata mata hanci, don ba ta da shi. Wanda ya zana fuskar yayarsa ya kuskure da faɗin ƙwayar gero, gida duka zai ce ba ita ba ce. Wanda ya ƙara wa wardi ganye biyu, ba mai kai ƙara. Mai cewa wayar hannu ta fi kowane buroshi kamanni shi ma gaskiya ya faɗa, ta fi. Ta ɗauke mana nauyin kama ta farko gaba ɗaya, cikin ƙiftawar ido. Abin da ba ta yi shi ne barin wani abu, komai ya shiga gabanta ɗauka take yi, har igiyar shanya da bokitin da ke bayan tebur.

A Agustan 1888, a garin Arles na kudancin Faransa, Vincent van Gogh ya zana tulunan furen rana guda huɗu cikin 'yan kwanaki, ɗayansu kusan da rawaya zalla, kuma ya rubuta wa ƙanensa Theo cewa tun fitowar rana yake farawa, don furannin suna saurin yaushi, dole a yi aikin a zama ɗaya. Ɗaya daga cikin jerin zanen furen ranarsa an sayar da shi a Landan a 1987 kan kuɗi kusan dala miliyan 40, amma ba kuɗin ne ya dame ni ba, gaggawar ce. Furen ne ya ƙayyade masa lokaci, lokacin ya hana shi ƙirga, rashin ƙirgar ya bar masa abin da ya kama. Alƙur'ani ma, a surar Ɗaha, da kalmar fure ya siffanta ƙawar rayuwar duniya, abin da ke ɗaukar ido ba ya daɗewa. Manomin da ya ɗauki fure a matsayin manzo bai yi kuskure ba, manzo ba ya kwana biyu. Furen roba na falo shi kaɗai ke jiran mutum shekara da shekaru, shi ya sa ba na ba mai koyo shawarar farawa da shi.

Wanda ke Jos ba ya ma bukatar sayen komai a lambu. Daga ƙarshen damina, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, wani dogon tsiro mai rawayan fure, wanda asalinsa daga Meziko ne, yakan cika bakin hanyoyi da gefen tsofaffin ramukan kuza, ba mai shi, ba mai ban ruwa. Mai karatu, ka yanko biyar da sassafe, ka sa su a ruwa nan take don ba sa jure ƙishi, ka zauna da su kafin azahar. In hunturu ya kankama sai baɗi.